Mamman Shata

Alhaji Mamman Shata Katsina (an haife shi a Musawa a shekarar 1923, ya rasu a Kano ranar 18 ga watan Yuni, 1999) shahararren mawaƙin baka ne na Hausa, wanda ya shafe sama da shekara hamsin yana waƙa da kiɗan kalangu. Ya tashi a kudancin ƙasar Katsina, ya zauna a Bakori, sannan ya koma Funtuwa a 1960, inda ya yi kusan shekara arba'in har ƙarshen rayuwarsa. An fi saninsa da waƙoƙin yabon sarakuna, attajirai, ma'aikata da 'yan kasuwa, amma wani babban kaso na abin da ya bari waƙoƙin faɗakarwa ne, waɗanda a cikinsu yake kiran jama'a ga noma, neman ilimi, riƙon sana'a, aure da zaman Nijeriya ƙasa ɗaya. Da yake bai taɓa zama makaɗin wata fada ba, mutane sun ɗauki kiransa a matsayin maganar wanda ba aiko shi aka yi ba, kuma hakan ya ƙara wa waɗannan waƙoƙi nauyi a gidajen rediyo da kasuwannin Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a shekarar 1988.

Asali da ƙuruciya

Sunansa na yanka Muhammadu. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, mutumin Musawa ne, mahaifiyarsa kuma Lariya, Bafulatana ce da aka haifa a Tofa ta ƙasar Kano. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne. Wannan abu ne mai muhimmanci a tarihinsa, domin a ƙasar Hausa ta wancan zamani kiɗa da roƙo sana'ar gado ce, kuma sana'a ce da ake gani a ƙasa. Ɗan manomi ko ɗan malami da ya ɗauki waƙa ana kallonsa a matsayin wanda ya zubar da mutuncin gida. Don haka mahaifin Shata bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, ya kuma yi ƙoƙarin raba shi da ita.

Kamar sauran yaran garin, ya yi makarantar allo, ya yi aikin gona. Da ya tasa ya shiga ƙananan sana'o'i, ya sayar da goro da alewa a kasuwannin ƙauye. Daga nan ne laƙabin Shata ya samo asali. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa in ya sayar da kayansa sai ya rabar da ribar ga mutanen da ya haɗu da su a kasuwa ko a hanya, ya koma gida hannu rabbana. Wani danginsa mai suna Baba Salamu ne ya riƙa kiransa Mai Shata saboda wannan hali na watsar da kuɗi, sunan kuma ya bi shi. A Hausar yau da kullum an fi sanin kalmar shata da ma'anar ja layi ko yanka iyaka, kamar shata iyakar gona, amma yanzu in aka ambace ta ita kaɗai, mawaƙin ne ke fara faɗo wa Bahaushe a rai. Halin kyautar kuwa bai rabu da shi ba har tsufa: ya shahara da rabar da abin da aka ba shi a filin wasa, wani lokaci tun kafin a watse.

Waƙa ta fara masa ne a dandali, inda samari da 'yan mata ke taruwa da dare bayan cin abinci. Da farko wasa ne, babu ko sisi a ciki. Da muryarsa da saurin haɗa magana suka sa ya yi wa tsararrakinsa fintinkau, sai aka fara gayyatarsa bukukuwa a ƙauyukan da ke kewaye, har ya ajiye tallar ya rungumi waƙa baki ɗaya.

Bakori da fitowarsa fili

Wanda ya janyo shi daga Musawa shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a Bakori, yana kula da cinikin auduga da gyaɗa. A Bakori Shata ya yi aurensa na fari, daga nan kuma ya riƙa fita da makaɗansa zuwa Katsina da Kano, wadda ya fara zuwa a ƙarshen shekarun 1940.

A 1952, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin nan da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da dama a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, kuma masu tarihinsa sun ɗauki wannan biki a matsayin ranar da sunansa ya fita daga ƙasar Katsina ya shiga Arewa duka.

Zamansa a Funtuwa

Ba a fahimtar waƙoƙin Shata sosai sai an san irin garin da ya zaɓa ya zauna. Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara suna cikin yanki mafi albarkar noma a ƙasar Katsina. Ruwan sama ya fi na arewacin lardin yawa, ƙasar kuma tana karɓar dawa, masara da auduga. Tun zamanin Turawa aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, kuma layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ya ratsa ta Funtuwa. Ga kuma manyan hanyoyin mota da suka haɗu a garin: ta Zariya, ta Gusau da Sakkwato, ta Birnin Gwari da ake bi zuwa kudu, da wadda ta bi ta Bakori da Malumfashi ta nufi Katsina da Kano.

Gari ne na baƙi. Akwai leburorin tasha, direbobin manyan motoci, dillalan auduga, ma'aikatan kamfani, Yarabawa da Ibo 'yan kasuwa, da manoman da ke shigowa da kuɗin kaka. Gari irin wannan ba shi da tsohuwar fada mai ƙarfin da za ta mallake mawaƙi, amma yana da masu kuɗin kashewa da masu son nishaɗi. Shata ya samu abin da ya dace da halinsa: masu sauraro daga kowane mataki, da hanyar da zai bi ya isa ko'ina cikin kwana ɗaya. Shi kansa ya riƙe noma a wannan yanki, ko da yake yana da gidaje a Kano da Musawa. Mutanen yankin sun shiga waƙoƙinsa, misali waƙar Na Malumfashi Habu Ɗan Mama, wadda ta kai sunan garin kunnen mutanen da ba su taɓa taka shi ba.

Funtuwa ce kuma garin Barmani Choge, mawaƙiyar amada da ta rasu a 2013, wadda ta shahara da kiran mata su kama sana'a. Ba abin mamaki ba ne a ce manyan muryoyin nan biyu sun fito daga gari ɗaya suna maganar neman na kai.

Salon waƙa da harshe

Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sukan kasa makaɗan Hausa gida-gida: makaɗan fada, makaɗan sana'a, makaɗan maza da makaɗan jama'a. Makaɗin fada, kamar Ibrahim Narambaɗa ko Sarkin Taushin Katsina, yana da ubangida guda, kuma ba ya yi wa wani waƙa sai da izini. Shata makaɗin jama'a ne. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙoƙi masu yawa, ya yi wa wasu sarakuna da hakimai, amma a rana guda yana iya yi wa dogari, direba ko mai sayar da abinci. Waƙoƙi irin su Hassan Sarkin Dogarai da Ummaru Ɗan Ɗanduna sun yi farin jini daidai da na sarakuna, ko ma fiye.

Kayan kiɗansa ma sun nuna matsayinsa. Taushi da kotso kiɗan fada ne. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata a dandali, wato kiɗan kasuwa da fili. Ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu, da igiyoyin fata da suka haɗa bakunan. In makaɗi ya matse igiyoyin a hammatarsa sautin ya hau, in ya saki ya sauka. Wannan ya dace da Hausa ƙwarai, domin harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana: kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Saboda haka kalangu na iya bin tsarin maganar mawaƙi har mai sauraro ya ji kamar gangar ce ke faɗar kalmomin.

Tsarin waƙarsa mai sauƙi ne in aka kwatanta da na makaɗan fada. A ƙungiyar Musa Ɗanƙwairo, alal misali, jagora kan fara ɗan waƙa 'yan amshi su karɓa su ƙarasa, abin da ke buƙatar a zauna a tsara a haddace tun kafin a fita. A wajen Shata, makaɗan su ne 'yan amshi, kuma aikinsu maimaita gindin waƙa ne kawai, layi ɗaya gajere. Sauran filin duk nasa ne. Yana zubo ɗiyan waƙa nan take, gwargwadon wanda ya gani a wurin da abin da ya faru a ranar. Wannan ne ya sa waƙa ɗaya takan bambanta daga faifai zuwa faifai, kuma shi ya sa babu wanda ya san adadin waƙoƙinsa. Shi da kansa ya sha bayyana cewa bai san yawansu ba.

Wannan tsari yana da tasiri kan yadda saƙonsa ya yaɗu. Gindin waƙa gajere da ake maimaitawa sau da yawa a zama ɗaya yana manne wa mutum ko bai yi niyya ba. Manomi a gona, yaron mota, mace a bakin murhu, kowa na iya ɗaukar layin nan guda ya tafi da shi. In layin kira ne ga wani aiki, to kiran ya shiga gidan da jarida ba ta zuwa. Hausarsa kuma ba ta da sarƙaƙiyar tsofaffin kalmomin fada da ke sa sai an yi wa matashi fashin baƙin Narambaɗa. Hausar kudancin Katsina ce, wadda ke zaune tsakanin Katsinanci da Kananci da Zazzaganci, ana fahimtarta daga Maraɗi har zangon Kumasi. Bai kuma ji tsoron kalmomin aro ba. Sunayen motoci, muƙaman soja da na ofis duk ya shigar da su waƙa, ya lanƙwasa su suka bi bakin Bahaushe.

Waƙoƙin farkar da jama'a

Shekarun da Shata ya yi tashe su ne shekarun da Arewa ke fama da tambayar yadda za ta kamo kudu a ilimin zamani da aikin gwamnati. A shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya, aka buga ƙananan littattafai a Zariya. Marubuta waƙoƙi irin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu sun yi ta gargaɗi a rubuce. Amma mafi yawan mutanen karkara ba sa karanta boko, kuma abin da ya kai musu irin wannan magana shi ne rediyo, musamman bayan buɗe gidan Rediyon Kaduna a 1962 da yaɗuwar ƙananan akwatunan rediyo masu batir.

A nan ne Shata ya yi aikin da ba a cika lissafa masa ba. Mafi shahara a wannan fanni ita ce waƙar 'Yan Arewa Ku Bar Barci. Ta ɗauki barci a matsayin hoton lalaci da sakaci, tana kiran mutanen Arewa su tashi su nemi rabonsu a ƙasar da take tasu ce, kuma ƙasa ce mai daɗin zama ga wanda ya yi aiki. Abin lura a waƙar shi ne ba ta ɗora laifin koma-bayan a kan wata ƙabila ko wani yanki ba. Da mutanensa yake, su yake tsawatawa, kuma yana yi ne da fata, ba da yanke ƙauna ba. A ƙasar da aka sha amfani da waƙa wajen zuga wani ɓangare a kan wani, wannan zaɓi ba ƙarami ba ne.

Ya yi waƙoƙi kan noma da darajar manomi, kuma a bakinsa wannan ba maganar aro ba ce, tunda a cikin manoma yake zaune. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo takin zamani, ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara, ya kuma sauya abin da ake shukawa a yankin. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da gangamin ciyar da ƙasa, a 1980 kuma gwamnatin Shagari ta zo da nata shirin noman. Duk waɗannan sun dogara da rediyo wajen isa ga manoma, kuma muryar da manoman suka riga suka amince da ita a rediyon ita ce ta Shata da takwarorinsa irin su Ɗan Maraya Jos.

Akwai kuma waƙoƙin gyaran hali da zamantakewa. A waƙar Mata Ku Yi Aure ya yi kira ga matan da ke zaman kansu a birane da garuruwan tasha su koma ɗakin aure. Mai karatu na yau zai iya ganin cewa waƙar ta ɗora nauyin a kan matan kaɗai, ta bar mazan da suka sake su ko suke zuwa wurinsu, kuma wannan suka ce mai tushe. Duk da haka ta taɓo matsalar da ke gaban idon kowa a gari irin Funtuwa, a lokacin da ba kowa ke son ambatonta a fili ba. A ɓangaren addini, waƙar Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu tana cikin waɗanda har masu ƙin kiɗa sukan saurara.

Wata waƙar da ta fita daban ita ce ta Kumbo Apollo 11, wadda ya yi kan tafiyar 'yan sama jannatin Amurka zuwa duniyar wata a watan Yulin 1969. A lokacin mutane da yawa a karkara ba su yarda abin ya faru ba. Shata ya mayar da labarin waƙa, ya sa shi a ma'aunin da Bahaushe ya sani, ta yadda abin da ilimi ke iya kaiwa gare shi ya zama zancen dandali da bakin kasuwa.

Bai kamata a ɗauki Shata a matsayin mawaƙin adawa irin Fela Kuti na Legas ba, wanda ya tunkari gwamnatocin soja kai tsaye ya sha ɗauri da duka. Shata ya fi karkata ga gyaran al'umma daga ciki: tsawata wa malalaci, kunyata marowaci, ɗaga wanda ya yi abin kirki don wasu su yi koyi. Ko waƙar yabo a hannunsa takan zama hanyar faɗin yadda ya kamata mai mulki ko mai dukiya ya kasance, domin halayen da ake yabon mutum da su a gaban jama'a sukan zama bashi a kansa.

Lokacin yaƙin basasa

Bayan juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikinsa, da kashe-kashen da suka biyo baya a garuruwan Arewa, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Shata na cikin mawaƙan da suka yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya da kiran a tsare haɗin kan Nijeriya, kuma an yi ta sa su a rediyo.

A Arewa ana lissafa waɗannan waƙoƙi cikin gudummawarsa ga zaman ƙasa ɗaya, kuma haka ne. Sai dai gaskiya ita ce waƙoƙin ɓangare ɗaya ne a cikin yaƙi, suna yabon jarumtar soja, kuma wanda ke zaune a yankin Biyafara cikin yunwa ba zai ji su a matsayin waƙoƙin zaman lafiya ba. Abin da za a iya cewa shi ne manufar da ya tsaya a kai, wato kada ƙasar ta rabe, ita ce ya ci gaba da riƙewa bayan an ajiye makamai, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta shelanta sulhu da sake gina ƙasa, 'yan kasuwar Ibo kuma suka fara komowa garuruwa irin su Funtuwa.

Siyasa

Ko da yake mafi yawan masu ba shi kyauta sarakuna ne da attajirai, waɗanda a Jamhuriya ta Farko suke tare da jam'iyyar NPC, ra'ayin Shata ya fi karkata ga NEPU ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar talakawa. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin, a tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, wadda aka sani da kiran a yi siyasa ba da gaba ba, daga baya ya koma NPN mai mulki. Bayan an ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, a Jamhuriya ta Uku, an zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma aka tsige shi bayan saɓanin da ya shiga tsakaninsa da ɓangaren Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ne jigon jam'iyyar a jihar. Mutumin da bai yarda ya zama yaron sarki ba, da wuya ya zauna lafiya a ƙarƙashin ubangidan siyasa.

Suka da ce-ce-ku-ce

Shata bai tsira daga suka ba, kuma wasu sukan suna da hujja. Waƙar A Sha Ruwa Ba Laifi Ba Ne, wadda kowa ya san ruwan da take nufi, ta jawo masa fushin malamai, kuma har yau ana kawo ta a matsayin hujjar masu cewa bai dace a kira shi mai gyaran tarbiyya ba. Ya kuma yi kaifi a zambo. Waƙar Gagarabadau tana cikin zambo mafi zafi da aka taɓa yi da Hausa, kuma tsoron bakinsa ya sa wasu suka riƙa yi masa kyauta ba don so ba. A Bakandamiyarsa, wato waƙar da mawaƙi ke ji da ita fiye da sauran, ya wasa kansa ya ƙalubalanci abokan hamayya ba tare da wata kara ba.

Masu kare shi sukan ce bai taɓa ɓoye halinsa ba, bai kuma yi da'awar malanta ba. Wataƙila wannan rashin ɓoye-ɓoye na cikin abin da ya sa aka yarda da shi in ya juya ga nasiha. Mutane sun san cewa wanda ya zagi mai kuɗi jiya a bainar jama'a ba ya buƙatar yi wa kowa daɗin baki yau.

Tafiye-tafiye da karramawa

Ya yi wasa a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama inda Hausawa ke zaune, ya yi aikin Hajji, ya kuma je Ingila da Amurka. Kamfanonin faifai irin su EMI sun ɗauki waƙoƙinsa, daga baya kaset ya yaɗa su fiye da yadda faifan garmaho ya yi. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, ƙungiyar mawaƙan Nijeriya ta PMAN ma ta karrama shi. Digirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988 ya fi sauran ma'ana in aka tuna cewa sana'ar da mahaifinsa ya ji kunyarta ce babbar jami'ar Arewa ta ɗaga, kuma tun daga lokacin ake kiransa Dakta Mamman Shata.

Rashin lafiya da rasuwa

A ƙarshen shekarun 1990 rashin lafiya ta kama shi, aka yi jinyarsa a Kano, aka kuma kai shi Jidda ta ƙasar Saudiyya. Saboda haka bai taka wata rawa ba a siyasar da ta dawo da mulkin farar hula a watan Mayun 1999. Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An kai gawarsa Daura aka binne shi a can, garin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya daɗe yana ɗawainiya da shi. Ya bar mata uku da 'ya'ya da jikoki da dama.

Nazari da adana waƙoƙinsa

Tun yana raye aka fara nazarinsa a jami'o'i. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka kan matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani, inda ya ɗauki Shata a matsayin misali. A 2006 aka wallafa littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa tare da Yusuf Tijjani Albasu, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami. Ɗalibai a sassan Hausa na jami'o'in Kano, Zariya, Sakkwato da Katsina suna ci gaba da rubuta kundaye kan salonsa, karin maganarsa da kalmomin aron da ya yi amfani da su.

Har yanzu ana sa waƙoƙinsa a gidajen rediyo da tashoshin mota, matasa kuma suna tura su ta waya. A yankin da ya zauna, inda a 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga suka hana manoma da yawa a Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara zuwa gonakinsu na nesa, waƙoƙinsa na kiran a koma gona sun ɗauki wani nauyin da ba su da shi a lokacin da ya yi su.

Babbar matsalar da ke gaban masu nazari ita ce adanawa. Da yake nan take yake ƙirƙira, duk wasan da ba a naɗa ba ya tafi ke nan. Waɗanda aka naɗa kuma suna warwatse a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da talabijin, da tsofaffin kasusuwan da ke hannun masu sha'awa, wasu sun fara lalacewa. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a intanet ba su ɗauke da shekarar da aka yi su, ko wurin, ko sunayen makaɗan da suka yi masa kiɗa da amshi, kuma mutanen da suka halarci wasannin, waɗanda za su iya cike wannan giɓi, suna ta raguwa.